Inda Na Kai a Koyon Harkar Zinariya: Na Koma Lissafi da Giram

'Yan'uwa abokan koyo, barkanmu da ƙoƙari. Ga inda aka kwana a nawa ɓangaren. Babban canjin da na yi a 'yan kwanakin nan shi ne na daina rubuta lissafina da kuɗi, na koma rubuta shi da giram. Duk abin da aka kira zinariya, kwandala ce, ko kaso a asusun zinariya na kasuwar hannun jari, ko hannun jarin kamfanin haƙa, tambayar da nake fara rubutawa a saman shafi ita ce: giram nawa na zallar zinariya ke nan, kuma me ke rage shi? Tun da na kama wannan hanya, abubuwa ukun nan da aka saba zubawa a jaka ɗaya suka rabu a idona, kowanne da halinsa.

Sai da na fara zama da ma'auni. Farashin da muke ji a labarai na oza ɗaya ne, amma ozar zinariya giram 31.1 ce, ta fi ozar sauran kaya mai giram 28.35. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin waccan ya riga ya kauce da kusan kashi 10 cikin ɗari tun bai sayi komai ba. Farashin da dillalan duniya suka fi dogara da shi kuwa a Landan ake tsayar da shi sau biyu a rana, ƙarfe 10:30 na safe da ƙarfe 3:00 na yamma, ƙarƙashin LBMA, ƙungiyar kasuwar zinariya da azurfa ta Landan. Tun 1919 ake wannan zama, an dai sauya tsarinsa a 2015. Ku riƙe cewa farashin manyan sanduna ne masu oza wajen 400, kimanin kilo 12 da rabi, irin na rumbunan bankuna. Babu mai sayar wa ɗayanmu kwandala guda a kan wannan farashi.

Kwandaloli ne suka fi cin lokacina, kuma su na fi jin daɗin koya, don abu ne da hannu ke taɓawa. Krugerrand ta Afirka ta Kudu, wadda aka fara bugawa a 1967, idan ka ɗora ta a sikeli giram 33.93 za ta nuna. Karat 22 ce, wato kashi 91.67 cikin ɗari zinariya, ragowar jan ƙarfe ne da aka sa don ta yi ƙwari. Ka ninka 33.93 da 0.9167, ka samu 31.1, oza ɗaya cif. Eagle ta Amurka, ta 1986, nauyinsu ɗaya, sai dai an gauraya mata azurfa kaɗan, shi ya sa ba ta kai Krugerrand ja ba. Maple Leaf ta Kanada, da ta fito a 1979, zalla ce, nauyinta giram 31.1 ne kawai, haka ma Philharmonic ta Ostiriya ta 1989. Britannia ta Birtaniya ta fara a 1987 da karat 22, ta koma zalla daga 2013, don haka a kanta dole ka duba shekarar bugu kafin ka ce sikeli ya yi daidai ko bai yi ba. Duka biyar ɗin zinariyar da ke cikinsu ɗaya ce. Wadda ta fi nauyi a hannu ba ta fi daraja ba, wadda ta fi tsarki ma haka. Zallar dai tana da laushi, tana saurin ƙarcewa, gara a bar ta cikin kwanson robarta, kuma kada a goge ta da komai.

Akwai kuma ƙaramar nan ta Birtaniya, Sovereign, mai giram 7.98, zallar cikinta 7.32. Ita nake yawan ba kaina a matsayin jarrabawar lissafi, don ba ta faɗa a kan rabi ko kwatar oza ba, sai ka zauna ka buga.

Gwajin gane ta jabu shi nake kan maimaitawa har yanzu. Kayan aikin ba su da yawa: sikeli mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, ma'aunin faɗi da kauri, maganaɗisu mai ƙarfi, da kofin ruwa. Zinariya ba ta bin maganaɗisu. Tana da nauyi ƙwarai a ƙaramin jiki, santimita ɗaya ta kowace fuska giram 19.3 ne, dalma kuwa 11.3. To mai yin jabu da ƙarfe mara nauyi yana cikin tsaka mai wuya: in ya daidaita nauyin, kwandalar za ta yi kauri ko faɗi fiye da ƙima, in ya daidaita girman, sikeli zai tona shi. Faɗin Krugerrand milimita 32.77 ne, na Maple Leaf 30. A gwajin ruwa, kana ɗaure kwandalar da zare siriri ka nutsa ta cikin kofin da ke kan sikeli ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Idan zalla ce mai oza ɗaya, sikelin zai ƙaru da giram 1.6 da ɗan ɗoriya. Na koyi riƙe zaren ne da kwandalolin kashewa na yau da kullum, sai da hannuna ya daina rawa sannan adadin ya fara tsayawa wuri ɗaya. Ina ba ku shawarar ku fara da su, ba su da abin ɓatawa.

Ƙarfe ɗaya ne ke tsallake waɗannan gwaje-gwaje, shi ne tangistin, mai giram 19.25, kusan kunnen doki da zinariya. Abin da ke kama shi a gida shi ne amo. Kwandalar karat 22 in ka ɗora ta a kan yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa gefenta, takan yi amo mai tsawo, ta tangistin kuwa sautinta daban ne, gajere. Kunnena bai gama horuwa ba tukuna, don haka ba na yanke hukunci da amo shi kaɗai. Manyan dillalai suna da na'urorin da ke leƙa cikin ƙarfen, kuma wannan ya isa dalilin saye daga sanannen dillali da karɓar rasit.

Yanzu ga abin da ke rage giram ɗin kwandala. Dillali yana sayar maka a saman farashin Landan, in ka dawo da ita ya saya a ƙasa da nasa farashin. A ɗauka, a misali, ka saya da ƙarin kashi 5, ka sayar da ragin kashi 1. Ka biya 105 ke nan, an ba ka 99. Kuɗin giram 100 ka fitar, abin da ya dawo bai wuce na giram 94 da ɗan kai ba, kuma sai farashi ya tashi da wajen kashi 6 kafin uwar kuɗinka ta dawo. Wannan tazara tana ƙara faɗi a ƙananan kwandaloli, domin wahalar buga mai ɗaya bisa goma na oza kusan ɗaya ce da ta buga mai oza guda. Shi ya sa yanzu tambayata ta farko ga kowane dillali ita ce nawa zai saye ta in na dawo da ita yau, kafin ma in tambayi nawa yake sayarwa. Su kuma kwandalolin masu tara kayan tarihi, da ake yi wa tsada saboda ƙarancinsu ko kyawun bugunsu, sana'a ce daban, na ajiye ta gefe.

Asusun zinariya da ake cinikinsa a kasuwar hannun jari ya fi sauƙin bayani. Irinsa na farko a Ostareliya ya fito a 2003, sannan SPDR Gold Shares, wanda aka fi sani da GLD, ya shiga kasuwar New York a Nuwamban 2004. Asusun yana tara manyan sanduna a rumbu, kai kuma kana riƙe da kaso. Tazarar saye da sayarwa 'yar ƙanƙanuwa ce, ba ka fargabar ɓarawo, ba ka neman sikeli. Sai dai yana karɓar ladan kulawa na kashi 0.40 cikin ɗari duk shekara, kuma daga jikin zinariyar ake yanka shi. Tulu ne mai ɗan yoyo. A ranar buɗewa kowane kaso ɗaya bisa goma ne na oza, bayan shekara 20 ya koma wajen 0.092. Giram 100 sukan zama 96 a shekara 10.

Da na jera wannan da na kwandala sai na ga abin da lissafin kuɗi ya daɗe yana ɓoye mini. Kwandala sau ɗaya take yanka, ta yanka da yawa. Asusu kaɗan-kaɗan yake yanka, amma ba ya dainawa. A misalinmu na 105 da 99, sai an yi kimanin shekara 15 kafin ladan 0.40 ya cinye abin da dillali ya ci a rana ɗaya. In asusun mai 0.25 ne, kamar iShares Gold Trust, shekarun sun haura 20. Kuma ban sa kuɗin akwatin ajiya ko inshorar kwandalar ba, wanda zai ƙara nisan. Ke nan mai niyyar sayarwa nan da shekara biyu ko uku, asusu ya fi masa araha nesa ba kusa ba. Mai kwandala abin da yake saya da wannan tsada shi ne babu kowa tsakaninsa da dukiyarsa. A GLD ƙaramin mai kaso ba ya iya cewa a ba shi ƙarfensa, manyan dillalai ne kaɗai ke musanyawa, a dunƙulen kaso 100,000. Wani abin lura kuma, ku karanta takardar asusu ku tabbatar sanduna yake riƙewa masu lamba da aka ware, domin akwai waɗanda yarjejeniyar saye nan gaba kawai suke juyawa, wasu ma da bashi a kai.

Da na zo shafin kamfanonin haƙa, gurbin giram ɗin ya ƙi cika. Mai hannun jarin Newmont ko Barrick ko Agnico Eagle ba shi da ko giram ɗaya. Kamfani yake da kaso a ciki, mai ma'aikata da injuna da bashi da haraji, ribarsa kuma ita ce ratar da ke tsakanin farashin oza da abin da aka kashe wajen fito da ita. A wasu mahaƙai sai an niƙa tan guda na dutse ake samun giram ɗaya ko biyu. Tun 2013 Majalisar Zinariya ta Duniya ta fito da ma'aunin kashe kuɗi da ake kira AISC, wanda ya haɗa kuɗin haƙa da na ci gaba da riƙe mahaƙar, kuma shi nake fara nema a kowane rahoto. Ga yadda lissafin yake. A ce kamfani yana kashe dala 1,500 a kan oza, yana sayarwa 2,000, ribarsa 500. Farashi ya tashi da kashi 10 ya zama 2,200, riba ta zama 700, ta ƙaru da kashi 40. Ya sauka da kashi 10, riba ta koma 300. Ya sauka da kashi 25, ba riba ko kaɗan, alhali mai kwandala har yanzu yana riƙe da uku bisa huɗu na darajarsa.

Wannan ya faru a zahiri. Daga Satumban 2011, lokacin da oza ta kai wajen dala 1,900, zuwa Disambar 2015 da ta sauko kusan 1,050, zinariya ta faɗi da wajen kashi 45. Asusun GDX, wanda ke tattara hannayen jarin manyan kamfanonin haƙa, ya zube da kusan kashi 80 zuwa farkon 2016. Akwai kuma haɗurran da ba su da alaƙa da farashi sam. A Janairun 2025, ana tsakiyar tashin zinariya, Barrick ya dakatar da aiki a mahaƙar Loulo-Gounkoto saboda saɓani da gwamnatin Mali. A 1997 kamfanin Bre-X na Kanada ya rushe bayan an gano cewa samfuran dutsen da ya ce ya haƙo a Busang ta Indunusiya barbaɗa musu zinariya aka yi. Mutane da yawa sun rasa abin da suka tara. Duk lokacin da na ga ƙaramin kamfanin da bai taɓa sayar da oza ɗaya ba yana shelar ya gano taska, wannan labarin nake tunawa, kuma ba na kusantarsa. Abin da kamfanin haƙa ya fi sauran biyun da shi, mai kyau daga cikinsu yana raba riba. Kwandala da asusu ba sa haihuwa.

Wani ya tambaye ni me ya sa ba na maganar inda farashi zai dosa, tunda oza ta haura dala 3,000 a Maris na 2025, manyan bankunan ƙasashe kuma sun sayi sama da tan 1,000 a kowace shekara daga 2022 zuwa 2024. Na rubuta wasu shekaru a bangon littafina saboda irin wannan zumuɗi. A 1971, da Shugaba Nixon na Amurka ya raba dala da zinariya, farashin hukuma dala 35 ne. A Janairun 1980 ta taɓa 850. A 1999 tana wajen 250, kuma ba ta sake ganin 850 ba sai a Janairun 2008. Shekara 28 ke nan wanda ya saya a ƙololuwa yana jira, hauhawar farashin kaya na cin kuɗinsa. Don haka ba na sa kuɗin da zan buƙata nan kusa, ba na cin bashi don saye, kuma ina saye a hankali a rarrabe. Kowa dai ya auna nasa halin.

Yadda nake kallon su a yanzu: kwandala ajiya ce ta dogon zango, asusu na abin da zan iya juyawa, hannun jarin haƙa kuwa na mayar da shi shafin sauran kamfanoni, ba na ƙirga shi cikin zinariyata. A takarda nake bin sa tukuna. Aikin da ke gabana shi ne in ɗauki rahoton wata uku-uku na manyan kamfanoni biyu, in fitar da AISC ɗinsu, da bashinsu, da shekarun da suka rage wa mahaƙansu, da ƙasashen da suke aiki, in ga yadda ratar ribarsu ta bi farashi. Daga nan zan duba kamfanoni irin Franco-Nevada, waɗanda ba sa haƙa da kansu, kuɗi suke ba mahaƙa su riƙa karɓar kaso daga abin da aka fitar. Wanda a cikinku ya riga ya ƙware a gwajin amo, don Allah ya faɗa mana yadda yake riƙe kwandalar da abin da yake ƙwanƙwasa ta da shi, musamman zalla irin Maple Leaf, wadda amonta bai kai na karat 22 fita ba.