Tarihin Rayuwar Perchta ta Gidan Rožmberk, Kashi na 4: Kuɗin Auren da Uba Ya Riƙe

Makon jiya mun tsaya a 1449, shekarar da Oldřich na 2, shugaban gidan Rožmberk na manyan masu sarauta a Bohemiya (cikin ƙasar Czech ta yau), ya aurar da 'yarsa Perchta ga Jan na gidan Lichtenštejn, aka kai amarya garin mijin, Mikulov.

A Bohemiya ta wancan zamani uban amarya ne ke biyan kuɗi, sunansu věno. Ana lissafa su da kopa, kowace kopa tsabar azurfa 60 ce. Shi kuma miji sai ya jingina wani yanki na ƙasarsa da sunan matar, a rubuta a kundin filaye, don in ya riga ta mutuwa ta sami abin dogaro. Uba na jan ƙafa wajen biya, komai sai ya tsaya cak, matar ta koma baƙuwa a gidan mijinta.

Bashi hanji ne, in ji manya, yana cikin kowa. Amma na Oldřich daban ne: kuɗin auren 'yarsa ya riƙe. A 1448 abokin hamayyarsa Jiří na Poděbrady ya ƙwace Prague, babban birnin ƙasar, a 1449 Oldřich ya shiga gaba wajen haɗa ƙawancen masu sarauta a garin Strakonice don a taka wa Jiří birki. Sojan haya ba ya jiran gobe. 'Ya kuwa, ai za ta yi haƙuri.

Ba ta yi shiru ba. Wasiƙunta suna nan har yau: mijin ya juya mata baya, uwar miji da danginsa sun sa ta a gaba, ita kanta bashi ya kai mata wuya. Ta rubuta wa uba, ta rubuta wa yayanta Jindřich, wanda aka danƙa wa ragamar gidan a 1451.

Na san masu kare Oldřich za su ce maraya ne, tun 1412 yana ɗan shekara 9 uba ya rasu, ya tashi a hannun waliyyinsa Čeněk na Vartenberk, yaƙin mabiya malamin coci Hus ya cinye masa ƙuruciya. Duk na ji. Sai dai mutumin da ya iya sa a ƙirƙiro takardun bogi don ɗaga darajar gidansa bai rasa dabarar biyan bashi ba. Hanjin ne dai, ya zaɓi wanda zai bari a ciki.

Jindřich ya rasu a 1457, Oldřich ya bi shi a 1462, Perchta ta koma rubuta wa ƙaninta Jan. Nan za mu ɗora mako mai zuwa.