Bayin Masar ba a gindin dala suke ba

Duk lokacin da hira ta biyo ta kan bauta a zamanin Fir'auna, ko a majalisar dattawa a Aboabo ko a tsakanin ɗalibanmu a nan Kumasi, dalar Giza ake fara ambata, a ce dubban bayi ne suka ja duwatsunta ana tsula musu bulala. Masu tonon kayan tarihi sun daɗe da nuna cewa ba haka abin yake ba. A shekarar 1990 aka gano maƙabartar ma'aikatan a kusa da dalar, an binne su cikin mutunci, kuma ƙasusuwan wasunsu sun nuna an yi musu ɗori har karaya ta warke. An tono unguwar da suka zauna, da gidajen gasa burodi, da tarin ƙasusuwan shanu da tumakin da aka yanka musu. A 2013 kuma aka samu kundin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, wanda ya rubuta yadda ƙungiyarsa take ɗauko farin dutse daga mafasar dutse ta Tura a jirgin ruwa zuwa Giza, wajen shekara 2,560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mafi yawan waɗannan mutane talakawan ƙasa ne da sarki ya ɗora wa aikin tilas na wani lokaci, irin wanda Turawan mulkin mallaka suka riƙa sa kakanninmu a hanyoyin mota.

Abin da yake damuna shi ne yadda wasu, da jin wannan, suke tsallakawa su ce ashe babu bauta a Masar. Akwai ta ƙwarai, kuma Musulmi bai kamata ya yi shakka ba, tun da Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yusuf (AS), wanda ayari ya tsinta a rijiya, aka sayar da shi a kan kuɗi ƙalilan, ya zama yaron gida a Masar. Bayin ƙasar suna cikin gidaje da gonaki da ɗakunan saƙa da dukiyar wuraren bautar gumaka, inda mai yawon buɗe ido ba ya kai idonsa.

Yaƙi ne babbar ƙofar shigarsu. Wani tsohon rubutu a kan dutse ya ce Fir'auna Sneferu, mahaifin wanda ya gina babbar dala, ya komo daga ƙasar Nubiya da kamammu 7,000 da dabbobi 200,000. Wani soja mai suna Ahmose ɗan Ebana ya sa an rubuta a bangon kabarinsa yadda sarki ya riƙa ba shi tukuicin zinariya da gona da mutanen da ya kamo a fagen fama. Akwai kuma wata takarda da take ajiye a birnin New York, wadda ta lissafa barori 95 na gida guda, fiye da 40 daga cikinsu 'yan yankin Sham da maƙwabtansa ne, masaƙa da masu dafa abinci da ƙananan yara, kuma da yawansu an rubuta sunansu na asali, a gefe an rubuta sabon sunan Masar da aka laƙaba musu.

Amma takardar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wata shari'a da aka yi a zamanin Fir'auna Ramsis na Biyu, fiye da shekara 3,200 da suka wuce. Wata matar aure mai suna Irynefer ta tsaya gaban alƙalai tana bayanin yadda wani falke mai suna Raia ya zo mata da yarinya 'yar Sham, suka yi ciniki a kan nauyin azurfa da bai kai rabin kilo ba. Ba ta biya da azurfar ba, sai ta haɗa zannuwa da bargo da riguna, ta bi maƙwabta ta karɓo kwanukan tagulla da tulun zuma, aka ƙiyasta kowane abu har kuɗin ya cika, sannan ta raɗa wa yarinyar sabon suna. Ƙarar da aka kai ba a kan sayen mutum take ba, domin wannan bai dami kowa ba a kotun. Wani soja ne ya yi zargin cewa an sa kayan wata mata cikin abin da aka biya. An ƙidaya kowane kwano, an kira shaidu, an yi rantsuwa, amma babu inda aka rubuta sunan da uwar yarinyar ta ba ta, ko garinsu, ko yadda aka yi ta faɗa hannun falken. Ni a wurina wannan takarda ta fi kowane zanen bulala bayyana mece ce bauta.

A Babila, cikin ƙasar Iraƙi ta yau, al'amarin ya shiga doka dalla-dalla. Dokokin Sarki Hammurabi, waɗanda aka sassaƙa a dutse wajen shekarar 1754 kafin miladiyya, sun yanke kisa ga wanda ya fitar da bawan wani ta ƙofar gari ko ya ɓoye shi a gidansa. Wanzamin da ya aske alamar bauta a kan bawa ba da iznin ubangijinsa ba, a yanke masa hannu. Bawan da ya ce wa ubangijinsa ba shi ne ubangijinsa ba, a yanke masa kunne. A cikin dokokin dai an ce wanda bashi ya sa ya ba da matarsa ko ɗansa, shekara 3 za su yi aiki, a ta 4 a sake su, kuma 'ya'yan da 'yantacciyar mace ta haifa wa bawa 'yantattu ne. Girkawa da Rumawa sun zo daga baya sun faɗaɗa abin har ma'adinan azurfar Atina da manyan gonakin Italiya suka dogara kacokan a kan bayi.

Wanda ya san tarihinmu zai ji wannan duka bai yi masa baƙo ba. Sauya suna, da haifar cucanawa a gidan ubangiji, da murgu, da fansa, da baiwar da ta zama ƙwarƙwara ɗanta ya gaji sarauta, duk akwai su a ƙasar Hausa, kuma a Masar ma an samu takardar wata mata da ta 'yanta 'ya'yan baiwarta ta mai da su magadanta. Irin waɗannan misalai ne ake kafa hujja da su a ce bautarmu mai sauƙi ce idan aka gwada ta da ta Turawa. Gaskiya ne cinikin da aka yi ta teku ya fi yawa da muni, kuma ya ɗaura bauta a kan launin fata, abin da Masar da Babila ba su yi ba. Sai dai sauƙin da ake faɗa yana zuwa ne bayan an riga an ƙone ƙauye, an raba yaro da uwarsa, an yi masa kuɗi a kasuwa, kuma yana hannun ubangiji, in ya so ya yi, in ya ƙi ba mai tuhumarsa.

Mu mazauna zango muna da dalilin kula da wannan magana fiye da kowa. Hanyar goro da ta kawo fataken Kano da Katsina ƙasar Gwanja ita ce ta bi ta kasuwar Salaga, inda ake sayar da mutane tare da shanu da kanwa da tufafi. Gwanja da Dagomba sun riƙa biyan Asante haraji da bayi, kuma a wajen shekarun 1880 mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Babatu sun kwashe jama'a da yawa a ƙasar Gurunsi. Turawan Ingila sun soke bauta a yankin bakin teku a 1874, a ƙasar Asante kuwa sai 1908. Asantawa suna da tsohuwar doka da ta hana tona asalin wani, kuma ina ganin hikimarta, domin ita ta bar jikokin bayi suka narke cikin dangi ba tare da gori ba. Ba na neman a tona asalin kowane gida a Asawase ko Aboabo. Abin da nake roƙon malaman makarantunmu shi ne, idan sun ɗauki yara a mota zuwa kurkukun Elmina da Cape Coast, su sa Salaga da sansanin bayi na Pikworo da yake kusa da Paga cikin tafiyar wata shekara, su kuma gaya wa yaran cewa a cikin masu saye da sayarwa a can har da masu jin yarenmu.