Abun da zaman jiran mota a Mile 12 ya koya mun game da labarin tsoro

Ni aikina a kasuwar Mile 12 ta Legas ba wani babban aiki bane, littafin lissafi nake riƙe wa maigidana. Mota ta iso daga Kano ko Zariya ko Jos sai in tsaya a gindinta ina ƙirga kwandon tumatir da buhun attaruhu 'yan dako suna saukewa, in rubuta na wane nawa ne, wanda ya ruɓe a hanya nawa ne. Matsalar dai mota bata da lokaci. Direba zai ce maka ya wuce Ibadan tun goma na dare, amma sai uku na asuba zaka ga fitilarsa, wata rana ma sai gari ya waye tangararan. Toh wannan zaman jiran shi ya maida ni marubuci, in dai za'a kira mai danna labari a waya yana turawa guruf ɗin WhatsApp da sunan marubuci.

Kuma tun farko labarin tsoro nake so. Soyayya na gwada ban iya ba, duk saurayin da na ƙirƙira sai ya fito kaman mai karɓar haraji. Amma tun ina ƙarami in kakarmu ta ce ga ta nan ga ta nanku, ni Dodo nake jira ya fito, Gizo da Ƙoƙi basu dame ni ba.

Labarina na farko, Allah Ya yafe mun, akan wasu matsafa ne masu gidan ƙasa a bayan Ikorodu. Na zuba jini iya son raina. Kai a firiza, hanta a kula, boka mai jan ido yana dariya duk bayan layi uku. Na tura ina ta zumuɗi, nace yau babu mai barci a guruf ɗinnan. Da safe na buɗe sai naga fuskokin dariya sun cika wajen, wata baiwar Allah ta rubuta wai Malam wannan ai mayankar Oko-Oba ka kai mu, saura ka faɗa mana kuɗin kilo. Wallahi ranar ko abincin rana ban ji daɗinsa ba. Kuma abun haushin gaskiya ta faɗa, mutumin da ke zaune a Legas, ya ga gawa a bakin titi mutane na tsallake ta suna sauri kar su rasa motar haya ta danfo, ka ce da bokitin jini zaka razana shi?

Wanda ya gyara mun tunani direba ne, kuma shi bai ma san yayi ba. Muna zaune wajen Baba mai shayi wajen biyu na dare, ya sauke kaya yana jiran a sallame shi, sai ya ce shi fa tsakanin Mokwa da Jebba baya tsayawa ko taya ce ta fashe sai dai ya ja ta a haka. Aka ce me ya faru. Ya ce wata rana cikin dare ya wuce wata mata a gefen titi da tire a kanta, zani mai ruwan ɗorawa, ba gari a kusa. Bai kawo komai ba. Ya yi tafiyar kusan rabin awa sai gata kuma a gefen titi, zanin nan dai, tiren nan dai. Ya ce da yaron mota ka gani, yaro ya ce na gani. Suka yi shiru. Can gaba sai suka sake ganinta karo na uku, amma yanzu ta koma ɓangaren direba, kuma babu tiren.

Daga nan sai ya ɗauki kofinsa ya cigaba da shan shayi. Muka ce sai akayi yaya? Ya ce sai muka iso Ilorin muka yi sallar asuba.

Babu wanda yayi dariya. Wani ɗan dako da zai je fitsari bayan motoci sai da ya nemi rakiya. Ni kuma na zauna ina juya abun a raina, matar nan bata yi komai ba, bata da haƙora zaƙo-zaƙo, bata tashi sama ba, ko magana bata yi ba. Tire kawai aka cire mata aka sauya mata gefen titi. Duk sauran aikin mu masu sauraro muka yi shi da kanmu, kowa ya cike gurbin da abun da yafi tsoro. Ban sani ba ko gaskiya ne ko gyangyaɗi ne ya ɗebe shi a kan sitiyari, ba shine damuwata ba. Tun daga ranar in na rubuta babi sai in koma in nemi wajen da na bayyana abu ƙarara in goge rabi.

Wannan ne ma yasa finafinan tsoro na Amurka da yawa basa kama ni yanzu. A yi shiru, a yi shiru, sai a buga ƙara gau a nuno fuska. Eh zaka zabura, amma ai ko tayar tirela ta fashe kusa da kai zaka zabura, minti biyu ka manta. Na Indiya da ake fassarawa da Hausa kuwa ina kallonsu ne don nishaɗi, saboda mai fassarar baya iya haƙuri, fatalwa na tahowa shi kuma yana jefa barkwanci, toh ina tsoro zai zauna. Namu na gida kuma matsalarsu kwalliya, a shafa wa mutum farar hoda da baƙin kwalli a sa shi yana gurnani cikin daji da rana tsaka, kana ganin inuwar mai kamara a ƙasa. Wanda nake girmamawa har gobe shine Living in Bondage na 1992, da yaren Ibo akayi shi a kaset ɗin bidiyo, hoton ma duk ya dushe. Mutum ya bada matarsa don yayi kuɗi, yayi kuɗin, ita kuma ta ƙi tafiya. Abun da ke cin rai a fim ɗin ba ƙungiyar asirin bane, shine ka san irin mutumin, ka san talaucin da ya kai shi, a garin nan kullum kana gogayya da masu wannan yunwar.

Wani abu da na gano a makare, mu Hausawa mun daɗe da baƙin labari a rubuce, kawai a makaranta an koyar damu su ne kaman maganin zazzaɓi, a haɗiye don jarabawa. Littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933 a Zariya, kowa Ruwan Bagaja yake tunawa saboda dariya. Amma ka sake karanta Jiki Magayi da idon manya. An ƙwace wa mutum budurwa saboda kuɗi, shi kuma bai huce a kan wanda ya ƙwace ba, ya je ya nemo asiri ya lalata ɗan da aka haifa, yaro ya tashi ɓarawo har ya kashe ubansa bai san shi bane. Ina wani fim ɗin fatalwa da ya kai wannan duhu? Haka Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, uwa ta bi ɗanta har ƙetaren Sahara, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Ba aljani ko ɗaya a wannan baƙin cikin, mutane ne kawai da ciniki.

Sai maganar aljanun kansu. Marubucin Turai sai ya sha wahala kafin mai karatu ya yarda akwai wani abu a ɗakin. Ni nawa masu karatun sun riga sun yarda, akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan aljanu, kowa kuma yana da goggo ko maƙwabciya da aka taɓa yi wa ruƙiyya. Wannan sauƙi ne, kuma nauyi ne. In ka sa boka ya ci nasara har ƙarshe za'a biyo ka ta bayan fage ana maka nasiha, in kuma ka kawo malam ya tofa Ayatul Kursiyyu komai ya watse a shafi ɗaya, sai a ce ka raina musu hankali. Ni dai inda na tsaya, addu'a tana aiki a labaraina amma bata dawo da abun da mutum ya ɓata da hannunsa.

Kuskuren da yafi mun ciwo kuwa daga baya ya zo, lokacin da na fara jin kaina na iya.

Baba mai shayi ya daɗe a Legas, tun kafin a haife ni. Wata rana hira ta kai mu ga ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002, ranar da rumbun makamai na barikin soja na Ikeja ya kama da wuta bama-bamai suka dinga tashi. Mutane suka ɗauka yaƙi ne ko juyin mulki, kowa ya ranta a na kare, dubbai suka nufi wajen Oke-Afa, a can akwai wani babban magudanar ruwa da ciyawa irin kainuwa ta rufe samansa, ga duhu ya fara, sai ka rantse fili ne. Na gaba suka faɗa, na baya suka turo. Sama da mutum 1,000 suka rasu a wannan musibar, da yawansu yara. Baba ya ce shi washegari ya je neman wani ɗan garinsu, kuma abun da har yau baya barin idonsa ba gawarwakin bane, silifas ne, ƙanana ƙanana, wari-wari a bakin ruwan.

Ni kuma shaiɗanin marubuci a cikina sai ya ce kai ga labari. A daren na fara. Na ɗauki silifas ɗin Baba na sa, na ƙara da cewa wai aljanun ruwa ne suka kira mutanen, duk shekara kuma ana jin muryar yara a wajen. Gaskiya rubutun ya yi kyau, shine ma abun kunyar. Babi uku na tura, guruf ya ɗauka, ana ta Malam cigaba dan Allah, har wasu sabbi aka dinga turowa a saka su.

Sai wata mata da bata taɓa magana a guruf ɗin ba ta biyo ni ta gefe. Ta yi sallama, ta tambayi aiki, sannan ta ce ɗana, ƙanena yana cikin yaran nan, shekararsa tara, an aike shi sayen kalanzir ne. Ta ce ba aljani ne ya kira shi ba, tsoro ne ya kore shi, kuma mahaifiyarmu har ta rasu bata yarda a rufe ƙofar gida da wuri ba. Bata zage ni ba, bata ma ce in goge ba. Ta ce Allah Ya ƙara basira, ta sauka.

Na fi awa ɗaya ina kallon wayar. Mota ta iso a lokacin, na ƙirga kwando ɗari da wani abu na rubuta ba daidai ba, sai da maigida ya sa aka sake ƙirgawa da safe yana ta faɗa. Na goge babi ukun, na rubuta wa guruf cewa labarin ya tsaya, wasu suka ji haushi har mutum biyu suka fita. Ita kuma na rubuta mata Hajiya ki yafe mun, Allah Ya jiƙansa Ya jiƙan Mama. Ta amsa da amin kawai.

Da na gaya wa Baba abun da ya faru bai ce mun komai ba sai da ya gama soya wa wani ƙwai, ya goge hannu a tsumma, sannan ya ce ɗan nan, ni ai hira na baka, ban ce ka kai kasuwa ba. Ya zuba mun shayi bai karɓi kuɗi ba.

Ina nan ina rubutu, wanda nake kai yanzu akan wani akawu ne a kasuwa da kullum in ya ƙirga 'yan dakon da ke sauke kaya da daddare sai ya samu goma sha ɗaya, in an zo biyan kuɗi da safe kuma goma ne ke miƙo hannu. Na kai babi na huɗu ban faɗi ko waye na sha ɗayan ba. Jiya da misalin uku na dare motar albasa ta iso daga Aliero, na tsinci kaina ina ƙirga yaran da ke kanta, na ƙirga sau biyu, sannan na matsa kusa da fitilar Baba.