Ranar da na gwada kilim na lantarki a Fijon Baba

Alhamis, bayan isha'i.

Na yi wanka amma har yanzu ƙarƙashin farcena baƙi ƙirin ne. Tun da hantsi nake garaji a Sabon Gari, don yau muka sa ranar gwada kwamfiresar lantarki, mai matsa gas ɗin kilim, wato na'urar sanyi, da na ɗaura wa motar Baba, Allah Ya jiƙansa.

Peugeot 504 ce haɗin Kaduna, inji mai lita 2, shekara biyu ke nan ina tada ta kaɗan-kaɗan. Ba ta zo da na'urar sanyi ba, Baba kuma bai taɓa neman ta ba, gilashi yake saukewa ya ɗora gwiwar hannu a ƙofa. Amma Inna ta tsufa, ga hawan jini, ga zafin Afrilu na Damagaram da ke haura digiri 40 kusan kullum. Burina in kai ta Mirriya wurin ƙanwarta a cikin motar mijinta ba tare da ta galabaita ba.

Kwamfiresa ta gargajiya bel ne ke juya ta daga inji. Kafin ta zauna sai an yi waldar mazauni, an ƙara fule, an matsar da wasu kaya. Raina bai so a taɓa cikin bonet ɗin nan ba, ina so in buɗe in gan shi yadda Baba ya bar shi. Ta lantarki kuwa da ɗan injin da ke juya ta a cikinta, bolt 12 take ci, ana iya ajiye ta ko'ina. Muka ɗaure ta a but, muka ja tiyo da waya ta ƙarƙashi, kwandansa mai fitar da zafin gas da fankarta a gaban lagireto, akwatin hura iska a ƙarƙashin dashbod.

Mai aikin sanyi ya zo wajen ƙarfe goma. Ya zuƙe iskar da ke cikin tiyoyin sama da rabin awa, ya jira ya ga allura ba ta motsa ba, sannan ya ɗura gas R134a. Tsohon gas na zamanin motar, R12, an daina shi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987. Ya ja kunnena kada kowa ya zuba wa kwamfiresar wani mai ban da irin wanda ta zo da shi.

Da na murɗa maɓalli sai wani siririn ƙugi ya taso daga but, ba a yi minti uku ba iska mai sanyi ta fara dukan ƙafafuna. Wallahi sai da idona ya ciko. Warin tsohuwar kujerar nan da na sani tun ina yaro, yau ga shi cikin sanyi.

Kawu, maigidan garajin, wanda ya yi wa Baba gyara fiye da shekara ashirin, bai ce uffan ba. Mita ya ɗauko ya maƙala a waya. Kwamfiresa tana jan amfiya kusan 60, fankoki biyu sun ƙara wajen 15. A jikin altanetar motar kuwa, wadda ke cajin batir, 50 aka rubuta, shi ma sai inji yana gudu, a sulo da ƙyar take ba da rabi. Muna kallo batir ya sauko daga bolt 14 zuwa 12.

Ya ce, "Ɗana, kana ɗiba a randa fiye da abin da kake zubawa. Kai ɗan garin nan ne, ka san ƙarshen wannan."

Na ce, "Kawu, in na hau kwalta na taka ai za ta cika."

Ya girgiza kai ya ce Allah Ya kiyaye hanya.

Ban ji ba, ɗoki ya hana ni. Na bi ta Kasuwar Dole, na manta yau ce ranar cinta. Amalanke, ƴan kabu-kabu, raƙuma da masu awaki suka toshe hanya, na fi minti ashirin ina rarrafe, gilashi a rufe, ina shan sanyi. A nan batir ya zube ban sani ba. Na wuce ta Birni, na kama hanyar Mirriya. Tafiyar ba ta kai kilomita 20 ba, amma kafin rabi kwamfiresa ta fara ɗaukewa tana dawowa, saboda in wuta ta yi ƙasa da kanta take tsayawa. Na isa, na yi la'asar, na dawo na murɗa makulli, sai ƙas, ƙas. Samari huɗu da ke zaune wurin mai shayi suka taso suka tura ni, na sa giya ta biyu na saki kuloci ta kama. Na dawo gida gilashi a sauke, iska mai zafi tana dukan fuskata.

A hanya na yi lissafin da ya kamata in yi tun kafin in kashe kuɗina. Amfiya 75 a bolt 13 kusan wat 1000 ke nan, altaneta kuma kusan rabin ƙarfin da take karɓa zafi yake zama. Ashe inji yana biyan fiye da ƙarfin doki biyu, ta wani bel ɗin dabam kawai. Na ɗauka lantarki zai sauke wa inji kaya, ashe wuri kayan ya canza. Duk da haka ban yi nadama ba, bonet yana nan yadda yake, kuma sanyin bai dogara da gudun inji ba muddin akwai wuta.

Da magariba na koma wurin Kawu. Bai ce mini ai na faɗa maka ba. Hannuna ya kama ya ɗora a kan wayar da ta tafi but, har lokacin da ɗumi. Ya ce ta yi siriri ga wannan nisa, a sa mai kauri, mai murabba'in milimita 25, da fiyus na amfiya 100 dab da batir, in ba haka ba wata rana gobara ce. Sai kuma altaneta mai amfiya 120. Gobe bayan Juma'a zan zaga wurin masu kayan mota na hannu, in babu in ba direban Kano saƙo.

Inna ta tambaye ni yaushe za mu je. Na ce mata sati mai zuwa in Allah Ya yarda. Ta ce to, za ta sa a daka mata fura ta tafi wa ƙanwarta da ita.