Yadda ake zana layin tarihi da Excel ba tare da an murɗe shekaru ba

SmartArt, wato shiryayyun zane-zane na PowerPoint, yana da sauƙi wajen zana layin tarihi, amma aibinsa babba ne: tazara ɗaya yake ba kowane aukuwa. Jihadin 1804, faɗuwar Kano hannun Turawa a 1903, haɗewar Arewa da Kudancin Nijeriya a 1914 da 'yancin kai na 1960 duk sai su jeru daidai wa daida, alhali shekara 99 ce tsakanin na farko da na biyu, 11 kacal tsakanin na biyu da na uku. Ɗalibi kuwa abin da idonsa ya gani yake riƙewa.

Excel ya fi. A jera shekaru a rukunin A (wato column A), tsawon kowane aukuwa sama ko ƙasa da layi a B (1, -1, 2, -2, don kada rubutu ya hau kan juna), bayani a C. A zaɓi A da B, a shiga Insert, a ɗauki Scatter, wato zanen ɗigo-ɗigo. Zanen Line ba zai yi ba, shi ma daidaita tazara yake yi.

Sunayen aukuwa suna fitowa ta Data Labels, a zaɓi Value From Cells, a nuna rukunin C. Sandunan da ke haɗa ɗigo da layi kuma Error Bars ne na tsaye: Minus, kashi 100.

A rubuta shekara lamba zalla, domin Excel ba ya gane kwanan watan da ya gabaci 1900.