A Ingila saniya ma da fasfo take yawo

Tun da mutanen Oko-Oba da ke Agege a Legas suka ji na samu aiki a gonar shanu wayata bata huta ba, kowa tambayarsa ɗaya, wai gaskiya ne gwamnatin nan tana biyan mutum kuɗi don kawai yana da shanu? Kawu Alhaji har cewa ya yi in nemo masa fili ya turo kuɗin tirela biyu in saya masa mu raba riba. To bari in amsa muku gaba ɗaya a nan, don bayanin ya fi ƙarfin saƙon murya.

Ni dai biyo matata na yi, ita ta samu aikin jinya, ni kuma da na gaji da zaman gida na nemi abin da na iya, ai a Agege aka haife ni cikin kashin shanu. Gonar tatsar madara ce a yankin Somerset. Tatsa da bada abinci da wanke garke duk basu bani wahala ba sai sanyin asuba, abin da ya ɗaure mun kai takardu ne. Wallahi mai gidana yana daɗewa gaban kwamfuta kusan kamar yadda yake daɗewa cikin garke.

Kafin ma ka sauke saniya ɗaya a fili sai filin ya samu lambarsa, CPH suke ce mata, sannan garken ma a bashi tasa lambar. In saniyar tatsa ta haihu cikin awa 36 sai an maƙala wa maraƙin lamba a kunne ɗaya, ɗaya kunnen kafin kwana 20, kuma kafin ya cika kwana 27 dole an kai sunansa hukumar rajistar shanu ta BCMS da ke garin Workington su aiko da fasfonsa, da ranar haihuwa da jinsi da lambar uwarsa. In ka yi sakaci lokacin ya wuce suna iya hana fasfon, kuma dabbar da bata da fasfo ba mahaucin da zai taɓa ta, ba ta shiga kwata, ba ta zuwa kasuwa, haka zaka zauna kana ciyar da ita ko da bijimi ne kamar giwa. Ka sayar ko ka saya, kwana 3 ka sanar. Ta mutu, kwana 7, kuma ba damar ka haƙa rami ka binne a gonarka, mota ce ke zuwa ɗauka kai ka biya.

Ku tuna yadda muke yi a kasuwar shanu ta Kara, tirela ta taso daga Potiskum ko Maigatari ta kwana biyu a hanya, a sauke, dillali ya riƙe hannunka a yi ciniki a bashi la'adarsa, kafin azahar naman yana kasuwar Mile 12, wa ya tambayi uwar san? A nan in sabuwar saniya ta shigo gona, ba wata saniya da zata fita sai bayan kwana 6, sai dai in kwata zata kai tsaye.

Da farko na ɗauka tsabar son wahala ne irin na Turawa, sai da mai gidan ya bani labari. Cutar haukan shanu ta ɓulla musu a 1986, a 1996 Tarayyar Turai ta hana sayen namansu, shine a 1998 suka kafa wannan hukuma don a san inda kowace saniya ta taka. Sai kuma 2001 cutar baki da kofato ta zo aka kashe dabbobi sama da miliyan 6, har yau dattijon in yana maganar hayaƙin ƙona gawarwakin muryarsa canjawa take. Ga kuma tarin fuka, yankinmu ya yi ƙaurin suna a kai, likita ya zo ya yi allura a wuya ya dawo bayan awa 72 ya auna kumburin, in ɗaya ta faɗi gwajin an tafi da ita an rufe garken, ranar ba mai dariya a gidan. Ni kam yanzu na yarda da tsarin, duk da akwai fom ɗin da har gobe ban ga amfaninsa ba.

Yanzu maganar kuɗin, Kawu ka saurara. Tun 2005 suka daina biya kan yawan shanu, aka koma biya kan fili, kuma a tsohon tsarin tallafin manoma da ake kira BPS in filinka bai kai hekta 5 ba baka ciki. Bayan sun fita daga Tarayyar Turai shi ma suka kashe shi, 2023 ce shekarar ƙarshe da aka cike fom ɗinsa a Ingila, abin da ya rage ana rage shi duk shekara har 2027, kuma lissafinsa daga abin da mutum ya karɓa ne tsakanin 2020 da 2022, kenan sabon zuwa bashi da ko sisi. Wanda ya maye gurbinsa SFI, biyanka ake don ka kula da ƙasa, ka bar shingen itatuwa, ka shuka ciyawa mai gauraye, kuma sai ka yi rajista da RPA, hukumar da ke biyan manoma tallafi, an zana kowace gona taka a taswira an tabbatar filin a hannunka yake. Shi ɗin ma a watan Maris 2025 kwatsam aka rufe karɓar sabbin masu nema, manoman da kakanninsu suka bar musu gona ma kuka suke, balle ni mai albashin awa.

Masu cewa in yanka musu sa in ɗauko bidiyo da sallah kuma ku yi haƙuri, layyarmu a nan kuɗi muke ba mahaucin halal ya kai oda kwata mai lasisi mu karɓo nama a kwali. Kawu kuɗin tirelar nan ka bar su a Kara, in ka samu farin Bunaji mai kyau ka ware mun ɗaya zan turo kuɗinsa kafin watan sallah ya kama.