Shekara tara da auren soja

Wata takwas ke nan ƙanwata tana jiran kotu ta raba aurenta da mijinta, sojan Amurka. An tura shi aiki ƙetare, doka kuma ta ba shi damar neman a ɗage shari'a aƙalla kwana 90. Ban ga laifinsa ba, amma jiran ya ramar da ita.

Daren jiya na tarar da ita gaban tulin takardu, ɗanta na barci a cinyarta, tana ƙirga shekarun aurensu da yatsu. Tara. Da sun cika 10 yana bakin aiki, hukumar biyan sojoji ce za ta riƙa tura mata kasonta na fansho kai tsaye. Yanzu ko kotu ta ba ta, daga hannunsa za ta riƙa karɓa. Wallahi abin ya tsaya min a rai.